Ɗari Biyun da Don Nemesio Bai Rubuta Ba

Shekara ashirin da shida Nemesio Ticona, wanda ake kira Don Neme don girmamawa, ya yi a wani kamfanin sadarwa a birnin La Paz, aikinsa zaɓa wa saƙonnin kwastomomi hanya. Kowane reshe hanya biyu gare shi zuwa hedikwata: waya mai sauri da tauraron ɗan'adam mai jan ƙafa. Kowace da lambarta, na'ura kuwa mai babbar lamba take bi, ba ruwanta da dalili. In aka ce ya rubuta abin da ya canza, sai ya ƙwanƙwasa goshi ya ce, "Ga littafin nan." Daɗi yake ji a neme shi. Mutumin kirki ne fa, amma wannan hali nasa akwai ban haushi.

Wata damina ƙasa ta zaftare, ta tsinke wayar ƙungiyar manoman kofi ta garin Caranavi. Nemesio ya ɗaga lambar tauraro zuwa ɗari biyu, sama da ɗari da hamsin na waya, wai kafin a gyara. Aka gyara yana ƙauyensu wajen biki. Ya dawo, ya sha'afa da maganar sarai.

Wata takwas saƙonnin Caranavi na rarrafe ta tauraro. Laifi ya faɗa kan Hortensia Callisaya, ma'aikaciyar kamfanin wadda ta haɗa musu na'urorin. Sau bakwai ta bi hanyar Caranavi mai santsi, ta canza wannan ta canza wancan, a banza. Ta zo wajensa ta ce, "Don Neme, don Allah duba mini ɓangarenka."

"Haba, 'yata, ɓangarena lafiya lau," ya ce, bai ko juyo ba.

Manoma suka koma wani kamfani, aka sallami Hortensia. Ranar da yake goge tsarinsu ya ci karo da ɗari biyunsa. Nan take ya gane laifin nasa ne. Ya goge ta tare da sauran, bai gaya wa kowa ba.

Bayan ya yi ritaya ya gamu da ita a kasuwar El Alto, tana gyaran wayoyin hannu a wata 'yar rumfa. Ta miƙe da murna, ta ba shi kujerarta, ta sayo masa api, wani kunun masara, mai zafi.

"Ka tsufa, Don Neme. Littafin goshin nan yana nan kuwa?"

Ya yi yaƙe.

"Ka san har yau ina tunanin Caranavi," ta ce. "An kira ni aikin sadarwa sau biyu, na ƙi. Wadda ta kasa gane kuskurenta me za ta je yi? Kai da ka san komai, a ganinka ina na ɓata?"

Maganar ta zo masa har baki. Kunya ta danne ta. Ya juya kofin a hannu ya ce, "An daɗe, 'yata. Na manta."

Duk sauran rayuwarsa wannan ce lambar da ya kasa mantawa.