Ranar da Na Kira Sunan 'Yata ta Fari a Bakin Ruwa

Ina gaida ma'aikatan wannan mujalla da masu karanta ta. Ni tsohuwar malamar firamare ce, yanzu sai zaman gida da surutun jikoki, amma lokacin da abin nan ya faru ina cikin ganiyata, ina koyarwa a wata makaranta a Kazaure. Zamanin ne da kuɗin mai ya fara shigowa, gwamnati ta ce kowane yaro ya zo karatu kyauta, ana ta gina azuzuwa kamar ana gasa. Mata masu koyarwa a garin ba mu da yawa, don haka ido yana kanmu, ana jira a ga ko boko ya cire mana kunya. Ni kuwa na ci alwashin ba za a same ni da wannan ba. Daga gidan Fulanin zaune na fito, can wajen Gwiwa, inda ake auna kunyar mace kafin a ɗanɗana miyarta.

'Yata ta fari sunan uwar mijina aka sa mata. Kun ga kunya ta zama biyu ke nan, ga ta 'yar fari, ga ta sunan suruka. Ana yaye ta Inna, wato uwar mijin nawa, ta zo ta tafi da ita Roni kamar yadda aka saba. Ban yi kuka a gaban kowa ba, bayan ɗaki na zaga na yi abina. Sai da ta yi wayo sosai aka dawo mana da ita, saboda makarantarmu ta fi tasu malamai. Na roƙi hedimasta kada ya sa ta a ajina, don ban san yadda zan yi da kiran suna da safe ba. A gida idan ina nemanta sai in ce ke, ko in tura ƙanenta ya kira yayarsa. Ita kuma Malama take ce mini, kamar sauran 'yan makaranta. Mata suna ta yabona, wai wance ko kallon 'yarta ba ta yi, ni kuma kaina yana ƙara girma. Allah ya sani ina son yarinyar nan kamar raina, sai dai son nawa irin wutar ƙaiƙayi ne, tana ci ba a gani.

Wata shekara da kaka, an gama yankan gero, hedimasta ya shirya wa manyan azuzuwa yawon buɗe ido na yini guda. Malamin daji na yankin ne zai yi mana jagora. Dogon mutum ne mai kaki, mai fara'a, ga son bayani, in ya fara zancen itace sai ka ce zancen danginsa yake. Tsarin shi ne mu fara da lambun gwamnati inda ake rainon itatuwa, daga nan mu hau dutse, mu gangara ta ɗaya ɓangaren zuwa rafin da ke zuba cikin dam, inda wani masunci zai ɗauki yara a kwalekwale. Ni aka ɗora wa kula da 'yan mata. Yarinyar tawa tana cikinsu, sanye da sabon takalmin roba da babanta ya sayo mata daga Kano, wanda tun da ya zo ba ta yarda ta cire shi ba sai in za ta kwanta.

Lambun ya burge kowa, har da ni da nake ganin na san duniya. Ga darbejiya da itacen turare jere a ƙananan ledoji baƙaƙe, ga gwaiba, ga lemo, ga ruwa yana bin kwalbati yana shiga fangali da kansa. Malamin daji ya nuna wa yara yadda ake yi wa mangwaro aure, a yanko reshen mai zaƙi a ɗaura a jikin na gida. Jin kalmar aure 'yan mata suka rufe fuska suna ƙyalƙyala dariya, shi kuwa ya ce ai wannan auren ya fi na mutane sauƙi, ba lefe ba gara. Kowane yaro ya samu dashe ɗaya kyauta, aka jera su a bayan motar da ta kawo mu, ita kuma za ta zagaya ta jira mu a bakin ruwa. Na ga 'yata ta zaɓi mangwaro, tana ta waiwayena ko zan duba. Na kau da kai.

A kan dutse ne na lura tana ɗingishi. Hawan da wuya, ga tsakuwa, ga rana ta fara zafi, sabon takalmin ya ci mata dunduniya har ya yi jini. Muna can sama malamin daji yana nuna mana gonakin dawa da gyaɗa da rugagen Fulani har iyakar gani, yana cewa wancan hayin Roni ne, amma ni idona yana kan ƙafar yarinya. Da aka fara gangara ta zama ta ƙarshe. Da 'yar wani ce, wallahi da na zauna na yage gefen ɗankwalina na ɗaure mata, na riƙo hannunta. Amma tawa ce, kuma 'yar fari, ga malamai maza suna gani. Sai na ce wa wata babbar ɗaliba ta taho da waccan mai ɗingishin, na wuce ta gabanta ko sannu ban ce ba. Ɗalibar nan kuwa tana hango ruwa ta manta da amanar da aka ba ta, ta sheƙo a guje ta bar ta a baya.

Muna isa bakin rafi malamin daji ya tara yara, ya kafa wata doguwar gora a cikin ruwa. Fara'arsa ta ɗauke, ya ce kowa ya buɗe kunne. Daga gorar nan zuwa hagu ruwan iya gwiwa ne, a yi wasa yadda ake so. Amma daga gorar zuwa dama kada wanda ya sa ƙafa, domin da rani motocin tifa sun yi ta ɗibar yashi a wurin ana kai wa masu gini, sun bar rami mai zurfin da zai shanye ɗaki, yanzu ruwa ya rufe shi ya yi lumui kamar ba komai. Kowa ya ji wannan gargaɗi ban da mutum ɗaya, wadda har lokacin tana kan dutse tana jan ƙafa. Aka ɗunguma hagu wajen kwalekwale. Ni na ce zan zauna gindin wata kanya in yi gadin abinci da takalma. Gaskiyar magana kuwa jira nake in ga saukowarta, ba tare da kowa ya gane ba.

Ba ta biyo hanyar da muka bi ba. Can nesa da ni na hango ta ta ɓullo ta wata 'yar siririyar hanyar shanu, daidai ɓangaren da aka hana. Ta cire takalmin ta tsoma ƙafar don ta ji sanyi. Sai ta hangi furen bado a can gaba, ta tattare siket ta fara shiga. Na miƙe tsaye na ce ke, ke yarinya. Ba ta waiwayo ba. To ina za ta waiwayo? Wuri cike da 'yan mata, ana ta waƙa da tafi da ihun kwalekwale, kowace ke ce, kowace yarinya ce. Ruwa ya kai mata gwiwa, ya kai cinya. Na fara gudu, amma na san ba zan isa ba, kuma ko na isa ban iya ruwa ba. Abu ɗaya ne ya rage, sunanta. Kuma ku yarda da ni, a wannan hali, ina kallon 'yata tana takawa zuwa kabarinta, sai da sunan ya tsaya mini a maƙogwaro. Harshena bai taɓa ɗaukarsa ba. Na tuna Inna, na tuna malaman da ke wurin. Tsawon numfashi guda ne kawai, amma har gobe ban manta da shi ba.

Sai na ƙwalla shi. Ban san ina da irin wannan murya ba, har dutsen ya amsa. Yarinya ta tsaya cak, ta juyo tana kallona baki buɗe. Ashe tana daidai leɓen ramin. Juyowar da ta yi yashi ya zabtare a ƙarƙashinta, ta sulale, na ga kanta ya nutse ya ɓullo. Amma da yake ta riga ta juyo, gaɓa ta fuskanta, hannunta yana ta damƙar yashin gefe, ba ta faɗa tsakiya ba. Malamin daji, wanda ihuna ya juyo da shi, ya zo a guje ya faɗa ruwan da kakinsa da takalminsa, ya cafko ta ta wuyan riga. Ya kwantar da ita a kan yashi ya danna mata ciki ta amayar da ruwa, ta yi tari, ta fashe da kuka. Ban taɓa jin kuka mai daɗin wannan ba.

Abin da na yi bayan nan sai daga baya aka ba ni labari. An ce na ture mutane na rungume ta ina ta maimaita sunan, na lulluɓe ta da mayafina, na ɗaure mata dunduniyar da ɗankwalina, sannan na goya ta, ƙatuwar yarinya ƙafafunta suna reto, har bakin mota. Malamin daji yana ɗigar ruwa ya zo yana ba ni haƙuri, wai laifinsa ne da bai tabbatar kowa ya iso ba kafin ya yi gargaɗi. Sannan ya tambayi hedimasta a hankali ko 'yar ƙanwata ce, don tun safe bai ga alamar mun san juna ba. Wannan tambaya ta fi mari zafi. Malamin dajin nan, bawan Allah, an yi masa canjin wurin aiki ba da jimawa ba, ban sake ganinsa ba, amma ban taɓa ɗaga hannu ina addu'a na manta da shi ba. Idan yana raye Allah ya saka masa, idan ya riga mu Allah ya haskaka kabarinsa.

Da hankalina ya dawo sai wani tsoron ya shigo. Kafin mu iso gida labari ya riga mu, wai malama ta kira sunan surukarta a bainar jama'a har ana ji a ƙauyukan gefe. Ranar Juma'a na ɗauki yarinyar, ita kuma ta rungumo dashen mangwaronta, muka tafi Roni in ba da haƙuri. Na durƙusa a ƙofar ɗakin Inna na kasa ɗaga kai. Ta bar ni na gama gaisuwa, sannan ta ce ai ita ma ta ji kiran, tana zaune ta ji an ƙwala mata kira daga Kazaure, har ta amsa ta tashi neman mayafi. Matan gida suka sa dariya, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai ta kore su, ta ce in matso. Ta gaya mini abin da ban taɓa ji ba, cewa mijina ba shi ne ɗanta na fari ba. Akwai wani kafin shi, zazzaɓi ya kama shi yana ɗan shekara uku, ya cika a cinyar kakarsa, ita tana tsakar gida tana daka don kada a ce ta damu. Ta ce har yau ba ta yafe wa turmin nan ba. Ta dafa kaina ta ce sunan nata ne, ta ba ni shi halak malak, in kira shi duk ranar da na ga dama. A bayan ɗakinta aka dasa mangwaron, har yanzu jikokinmu suna shan sa.

Ba zan ce daga ranar na sauya gaba ɗaya ba, hali zanen dutse ne. Takwarar Inna na koma ce wa 'yar tawa, ita ma har yau da furfurarta Malama take ce mini, ta ce bakinta ya riga ya saba. Amma na koyi zama kusa da ita, na koyi tambayarta abin da ke damunta, na koyi yi mata kitso da hannuna.

Shekaru da yawa bayan haka, ina gidanta zaman jego ta haifi nata ɗan farin, muka tuno ranar. Na ce Allah ya taimake mu ta gane akwai haɗari ta tsaya. Ta yi murmushi ta ce ita fa ba ta san da wani haɗari ba, ko kusa. Abin da ya tsayar da ita mamaki ne. Ta ce duk tsawon shekarun nan ta ɗauka ban san sunanta ba.

Shi ya sa na rubuto. Ban zo in zagi kunya ba, ado ce, da ita aka raine mu, kuma na fi son ta da rashin ta ido da ake yi yanzu. Amma 'yan'uwana mata, musamman masu 'ya'yan fari, yaro ba ya ganin abin da ke cikin zuciya, abin da ya ji da wanda ya gani shi ya sani. Idan ƙafarsa na jini ku durƙusa ku ɗaure, duk mai magana ya yi. Masu fita da yaran mutane kuma, kada ku yi gargaɗi sai na ƙarshe ya iso. Ni Allah ya rufa mini asiri, ya karɓi kiran da na yi a makare, na gode masa godiyar da ba ta da iyaka. Ranar nan a ɗakin jego na karɓi jaririn na miƙa mata, na ce ta kira sunansa ina ji. Ta sunkuyar da kai tana dariya, ta ce Malama da kunya. Na ce na sani, kira dai. Ta kira.