Sista Soerati da Takardun Awo Biyu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Litinin, 17 ga Fabrairu, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Sista Soerati Martoredjo, malamar jinya a ɗakin awon yara na unguwarmu a garin Hoogezand, nan ƙasar Turawa. Tana kan kekenta za ta wurin aiki ta yanke jiki ta faɗi, kafin motar asibiti ta iso rai ya yi halinsa. Shekararta hamsin da tara. Yau Laraba aka kai ta makwancinta.

Sista, na san ba za ki karanta wannan ba. Ina rubutawa ne don waɗanda ba su san ki ba su sani, kuma don ban da inda zan kai abin da ke ƙirjina.

Shekara ashirin da shida ke nan tun da na fara kawo miki 'yata Sauda awo, ko gaisuwar garin ban iya ba. Abin da na fara gani shi ne kin ɗora hannuwanki a kan ƙarfen ɗumama ɗaki kafin ki taɓa ta. Har kika bar duniya ba ki taɓa ɗan wani da hannu mai sanyi ba. Da Sauda ta girma ta haifi Hamdiyya, ke kika fara hawo mana bene da tukunyar miyar kaza irin taku ta mutanen tsibirin Jawa, kina haki, kina cewa a bar mai jego ta sha kafin maƙwabta su ji ƙamshi.

Hamdiyya ƙarama ce. Mu ma gidanmu ba dogo. A takardar awon ƙasar nan, wadda aka zana daga tsayin 'ya'yan mutanen nan, ɗigonta kullum yana ƙarƙashin layin ƙarshe. Amma ke kina da takarda ta biyu a aljihun teburinki, ta duniya, wadda aka haɗa daga yaran ƙasashe daban-daban. Duk awo sai ki ɗiga da fensir a duka biyun. A ta biyun Hamdiyya tana cikin layi, a ƙasa-ƙasa dai, amma tana hawa ba ta taɓa tsayawa ba. Har ni da Sauda kika jingina da bango kika auna. Kika ce, "Kaka, ki dube ni. Ni ma a ƙarƙashin layinsu na girma, ga shi shekara talatin ina auna musu 'ya'yansu masu tsayi kamar falwaya. Takarda ɗaya tana gaya mana 'ya'yan wa ta tsaya kusa da su, ɗayar tana gaya mana ko tana girma. Sai an duba duka."

A watan jiya kina hutu, ni na kai Hamdiyya awo, don Sauda tana aiki a gidan tsofaffi. Wani sabon likita muka tarar, matashi mai ladabi. Ya dubi na'urarsa, ya dubi yarinyar, ya tambaye ni ko tana cin abinci sosai.

A nan na yi kuskuren da nake kuka a kansa. Mu ba a haka aka rene mu ba. Ba ka yabon cin yaro a gaban baƙo, saboda baki, balle kaka da jikarta. Sai na ce, "Wannan? Ina! Ba ta cin komai. Wuni take ba ta sa komai a baki ba." Alhali da safen nan ta cinye kununta ta sa hannu a nawa. Ya rubuta. Ban ga laifinsa ba, abin da na faɗa ya rubuta. Bayan mako biyu wasiƙa ta zo daga masu kula da kare yara: za a zauna ranar Alhamis a duba ko ana ciyar da Hamdiyya, da kuma ko ya dace ta ci gaba da zama a hannunmu.

Na kawo miki wasiƙar. Kika karanta, kika dafe kai. "Haba Kaka! Wa ya aike ki? Mutanen nan in kin ce musu ba ta ci, to ba ta ci ɗin ke nan." Sai kuma kika yi dariya, kika ce kakarki ma haka take, ba ta taɓa kiran jariri kyakkyawa ba. Kika riƙe hannuna. "Ki je ki yi barci. Ranar Alhamis ina gefenki da takarduna biyu. In sun ga fensir na wata ashirin da takwas, su faɗa min inda yunwar take."

Gobe ce Alhamis ɗin, Sista.

Zan faɗi abin kunyata. Jiya, kina kwance ba a ma sa ki a ƙasa ba, na je ɗakin awo neman takardun. Wadda ke wurin ta ce abin da ke aljihun teburinki sai an tantance, sai bayan mako uku. Na roƙi a ɗaga zaman, aka ce za a duba, har yanzu shiru. Yau a gidanki na zauna gaban mijinki Paiman, bakina yana ta'aziyya, zuciyata tana tambaya ko kin bar kwafi a gida. Ban tambaya ba. Ki yafe min da na yi tunanin ma. Sauda kwana uku ba ta yi min magana mai tsawo ba, tana ninke kayan yarinyar tana warwarewa.

Ba ni da takarda, ba ni da harshensu irin naki. Abin da ya rage min shi ne in tsaya gaban baƙi in ce ƙarya na yi, in faɗi dalili, ko sun gane ko ba su gane ba. Sannan in faɗi abin da ban taɓa faɗa a kan ɗan da na rena ba: tana ci, tana ƙoshi, tana da ƙarfi, lafiyarta ƙalau. Zan ce masha Allah, in bar wa Allah tsarinta.

Ya Allah, Ka jiƙan baiwarKa Soerati, Ka yalwata kabarinta, Ka nauyaya mizaninta da kowane yaro da ta tsaya wa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Paiman, da 'ya'yanta Dewi da Hendro, da jama'ar masallacinsu. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya ba mu. Duk wanda ya karanta wannan, ya yi mata addu'a tukuna. In ya gama, ya tuna da Hamdiyya gobe ƙarfe goma na safe.