Tulun Waken Kaka Tumba

Duk wanda ya taɓa miƙa wa Kaka Tumba iri, na kuɓewa ne ko na yakuwa, ya san abin da zai biyo baya. Za ta zuba shi a tafin hannu, ta kai shi dab da idonta mai gani, ta juya, ta shinshina, sannan ta ɗago ta dube ka kamar ka zo neman auren 'yarta.

"Wanga ɗan wa na?"

In ka ce a kasuwar Kalgo ka sayo, ta ce kasuwa ba ta haihuwa. Sai ka faɗi gonar da ya fito, da mai gonar, da inda shi ma ya samo. In ka kasa, ta mayar maka da abinka, ta kuma wanke hannu a gabanka. Ku mutanen Wurogauri kun sha wannan, ba sai na rantse muku ba.

To, Allah da ikonsa, sai ya ba ta jika malamin gona. Ni ke nan, Nasiru, mai yawo a babur ina raba sabon iri ƙauye-ƙauye. Angonta take ce mini, irin wasan kaka da jika, amma takan ƙara da cewa ita ce ta fi kowace mace rashin sa'ar miji.

Dukiyarta ɗaya ce a duniya, wani wake ja mai ɗigon fari da take kira Mai Lalle. A bakin zanenta ta ƙullo shi daga Maruda ranar da aka kawo ta amarya, ita ma uwarta ta ba ta. Kowace damina ta shuka shi a lambun bayan ɗakinta, da kaka ta ware irin baɗi, ta cuɗa da toka, ta zuba a tulu, ta liƙe bakin da laka, ta tura ƙarƙashin gado. Ba ta taɓa gaya wa matan gidan abin da ke cikin tulun ba, wai kada wata ta yi marmarin alale.

Shekarar da aka kawo mana sabon waken nan da masana suka gyara halittarsa don kada tsutsa ta ci furensa, da murnata na kai mata. Na ce, "Amarya, hutu ya zo. Wannan tsutsa ba ta cin sa."

"Mi kac ce?"

"Tsutsa ba ta cin sa!"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Tsutsa da ba ta da hankali ta duba ta ce a'a, ni Tumba mai hankali za ka ba? Kai, angon ga! In sakina kake so ka yi, ka sake ni da raina mana."

Na yi bayani har bakina ya bushe, na ce an gwada, an tabbatar ba ya cutar da mutum. Ta ce ta ji, amma ta fi yarda da shaidar tsutsa, don ita tsutsa ba ta karɓar albashi.

Takin zamani kuwa, da aka raba wa mata rabin buhu-buhu, ba ta ƙi nata ba. Ta karɓa, ta yi godiya, ta shimfiɗa masa buzu, ya zama kujerar baƙi. Shekara huɗu ana zama a kansa har ya daskare kamar dutse. Ita kashin awaki ta sani, da toka, da ruwan ganyen dogonyaro. Kun tuna bikin 'yar Goggo Ige a Dangoma? Ta fito fes da sabon zane da kwanon gudummawa a ka, ta tarar da inda garke ya kwana a bakin hanya. Wallahi ta juye tsabar dawar da ke cikin kwanon a mayafinta, ta cika kwanon da kashin tumaki, ta shiga gidan biki da shi. Goggo Ige ta buɗe kwano ta saki salati. Kaka ta ce, "Ke, rufe mini, wanga ba naku ba na."

Ranar da ta fi kunyata ni ita ce ranar taron manoma a Kalgo. Manyanmu sun zo daga birni, ni ne mai gabatarwa, na sha guga. Babban baƙo ya gama jawabi a kan sabon iri, ana tafi, sai ga sandar Kaka ta ɗago daga layin mata.

"Yaro, ina da tambaya. In kowa ya cinye nashi na gado ya koma jiran naku, ranar da motarku ta lalace bisa hanya, mi za mu shibka?"

Mutumin ya yi murmushi, ya ce, "Mama, motarmu ba za ta lalace ba."

"To, madalla. Wacce anka turo ɗazu daga bakin tasha, ta wa ta?"

Tasu ce. Filin nan ya kece da dariya, har shi baƙon. Ni kam a ranar na so ƙasa ta tsage in shige. Mako biyu ban je gaishe ta ba, sai ta aiko a tambaye ni ko yaji na yi.

Ba zan yi muku ƙarya ba, sabon waken ya yi wa mutane rana. Na ga gonakin da a da tsutsa ke cinyewa sun cika rumbu, kuma har gobe ina raba shi. Abin da ban lura ba shi ne, duk gidan da na shiga da nawa, nasu na da yana fita ta ƙofar baya.

Bara ƙafa ta hana ta shuka. Ta sa aka kira ni, ta nuna ƙarƙashin gado da sandarta. "Angona, ɗauki tulun ga ka kai ɗakinka. Ban yarda da aikinka ba, amma na yarda da kai." Na ce yau a babur nake, ga buhuna, zai fashe. Na ce sai Juma'a. Juma'a ta zo na ce sai an gama rabon iri. Haka na yi ta ja har Allah ya karɓi abarsa wata Talata da hantsi.

Ranar sadakar uku muna zaune a ƙofar gida muna karɓar gaisuwa, aka fito da ƙosai. Da aka kawo tire na ƙarshe, liman ya ci ɗaya, ya lumshe ido, ya ce rabonsa da ƙosai irin wannan tun yana yaro. Ni ma na ci, har uku. Sai da na shiga cikin gida neman ruwa na ga bakin makwarara ya yi ja da ɓawon wake, ja mai ɗigon fari. Ga tulun can a gefe, an fasa lakar.

Goggo Ige ta ce, "Waken da aka sayo ne bai isa ba, sai muka ga wannan a ɗakinta. Muka ce tunda nata ne, ai ladan ya fi saurin kai mata."

Ba ita aka ce ta ɗauki tulun ba, ni aka ce. Na durƙusa a wurin nan, gaban mata, na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Na je Maruda gida-gida. Na zaga kasuwar Gwandu layin 'yan hatsi. Tsofaffi sun tuna Mai Lalle sarai, har suna haɗiyar yawu, amma babu mai ko ƙwaya. Wani dattijo ya ƙura mini ido ya ce, "Ba kai ne ka kawo mana sabon ba?" Na ce ni ne.

Da na dawo na zazzage tokar da ta rage a gindin tulun, na tankaɗe ta da rariya. Ƙwaya biyar na samu, ƙwaro ya huda biyu. Na shuka ukun a bayan ɗakinta da kashin awaki, biyu suka fito. Shekaranjiya na je duba su, na tarar sun yi fure, ga wata 'yar tsutsa ta lafe a cikin ɗaya tana ci hankalinta kwance. Ina da injin feshi a ɗaki, cike da magani. Da yatsa na cire ta, na barbaɗa toka, ina dariya hawaye na zuba. Na ce, Amarya, ga mai shaidarki ta zo, ta ce naki ne.

Allah ka jiƙan Tumba, ka yafe mata, ka sanyaya makwancinta. Ka yafe mini Juma'ar nan da na yi ta ɗagawa. Waɗannan biyun kuma, ya Rabbi, ka raya mini su su kai kaka, don in an tambaye ni ɗan wa ne, in samu abin faɗa.