Mutumin da Ya Tsamo Mu Daga Teku

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Mayu, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran tsohon ma'aikacin ofishin taswira na birninmu, wanda kowa ke kira Baba Safiyo. Baba, da mai ɗakinka ta bugo mini waya na yi kuka, amma ba zan ɓoye ba, har da ajiyar zuciya na yi. Wata takwas ina fargabar kada ka tafi da nauyin da ke wuyanka.

Ni ungozoma ce a unguwar da ke bayan tashar jiragen ruwa, kan tudun yashi. Shekara arba'in da suka wuce, kana sabon ma'aikaci, aka turo ka auna gaɓar teku. Ka zo daidai lokacin da ruwa ya cika ya shanye hanyarmu, ka hango daga nesa, ka koma ofis ka shafe wurin da shuɗin fenti. Tun daga ranar, a takardar hukuma mu teku ne. Masu ƙidayar jama'a taswira suke bi, suna zuwa ƙarshen kwalta sai su juya. Ƙaramar hukumar gabas ta ce mu na yamma ne, ta yamma ta ce ita ba ta mulkin kifi. In na je nema wa jariri takardar haihuwa, akawu ya ce ba shi da adireshin da zai rubuta.

Sai bayan ka yi ritaya ka shigo mana, da wando naɗe har gwiwa. Ba wanda ya san ka, kai ka tona kanka.

"Uwar yara, ni na yi muku ɓarnar nan," ka ce.

Na ce, "Sannu da aiki, Baba. Ga mu nan muna ta iyo."

Ban bar ka haka ba, sai da na wanke ka tas a gaban mata. Ka sunkuyar da kai har na gama, washegari ka dawo da igiyar awo.

Shekara shida ka yi kana auna lungu-lungu, kana rubuta gida-gida, har da na kurman nan mai gyaran komar kamun kifi da kowa ke mantawa. Kai ka koya mini lissafin cikar ruwa da janyewarsa, don in fitar da mai doguwar naƙuda asibiti kafin hanya ta rufe. Mata uku na sani da suke raye saboda wannan. Ka zauna a bencin majalisar birni tun safe har a tashi, mutanen da ka koya wa aiki suna wuce ka kamar ba su gan ka ba.

Da ciwo ya kwantar da kai, fayil ɗin gyaran taswirar na kan teburin shugaban majalisa, ba a sa hannu ba. Ka ce da ni ba mutuwar kake tsoro ba, tsoronka ka tsaya gaban Ubangiji da mutum dubu goma sha ɗaya da ka nutsar da alƙalami. Kullum na je dubiya, idonka na kan hannuna, ko na riƙo takarda.

Saura kwana huɗu ka rasu aka sa hannu. Na kawo maka sabuwar taswirar, lokacin idonka ya daina gani, sai na kama yatsanka na ɗora a kan unguwarmu. Ka daɗe ba ka ɗauke ba. Ka ce in roƙa maka jama'a gafara, na yi alkawari, amma kafin Juma'ar da za a tara mutane ta zo, ka riga ka tafi.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara. Ga mai ɗakinka da 'ya'yanka huɗu, Allah Ya ba ku haƙuri, ku kuma kwantar da hankalinku. Na isar da saƙon Baba ranar Juma'a a masallaci. Liman ya tambaya sau uku ko akwai mai riƙe da Baba a zuciya, ba wanda ya ɗaga hannu.