Galan ɗin Ruwan Teku

Ina 'yar shekara tara Baba ya kwashe mu daga Lafiya zuwa Kwatano, ni da Mama da yayana. Ƙanin Baba, Baffanmu, yana can yana sayar da motoci, sun shekara shida ba su sa juna a ido ba. A lokacin ƙafafun Baba sun fara kumbura, har ya daina zuwa Agyaragu sarin doya, takalmi ma sai ya take bayansa yake iya sawa. Mu yara aka ce mana yawon buɗe ido za mu. Sai da na girma na gane sallama ya je yi da ɗan'uwansa.

Ranar tafiya Kaka, mahaifiyar Baba, ta wanke wani galan na man gyaɗa ta miƙo mini.

"Ke na ba, don yayanki ba ya riƙe abu," in ji ta. "Ki ciko shi da ruwan teku. An ce in aka shafa a ƙafa mai kumburi, sacewa take yi."

Na karɓa ina hura hanci, wai ni aka zaɓa.

Kwana biyu muka yi a hanya. Abin da na riƙe na Kwatano kaɗan ne: 'yan acaɓa masu rawayar riga, burodi dogo mai tauri kamar rake, da Mama tana taya tumatir da yatsu don ba ta jin Faransanci. Kwana na uku Baffa ya kai mu bakin teku. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya wuce na gadar Makurɗi ba, sai na tsaya baki buɗe. Baba ya zauna a gindin kwakwa, ya ce mu je, yana ganinmu daga nan. Na ji haushi ƙwarai, don na so a ɗauke mu hoto ƙafafunmu a cikin ruwa. Ban lura cewa yashin ne ya fi ƙarfinsa ba.

Wajen cika galan igiyar ruwa ta kayar da ni, na taso ina tofar da yawu. Baba ya yi ta dariya har da hawaye. Na kai masa, ya tsoma yatsa ya lasa, ya yamutsa fuska.

"Wannan kam ko miyar biki ba ta kai shi gishiri ba," ya ce.

A dawowa aka ɗora mini galan a cinya, don kar kaya su danne shi. Murfin ba ya rufuwa da kyau. Duk ramin da mota ta faɗa sai ruwa ya tsiyayo kan sabuwar rigar da Baffa ya saya mini, cinyoyina suna ta ƙaiƙayi. Yayana ya shiga gaya wa fasinjoji wai fitsari na yi. Ni kuwa tun ina ƙarama zuciya gare ni. Da aka tsaya cin abinci a Ore, na zagaya bayan mota na tuttule ruwan a kwata. A Lokoja, da aka sauka sallar La'asar, na cika galan a famfon alwala. Na ce a raina ruwa ai ruwa ne.

Washegarin isowarmu Kaka ta shimfiɗa tabarma, ta kawo kwano, ta yi bisimilla ta tsiyaya. Kafin ta fara shafawa Baba ya tsoma yatsa ya lasa. Ya ɗago ya dube ni.

"Inna, na gaske ne," ya ce. "Yarinyar nan ta yi ƙoƙari."

Kullum da safe ake shafa masa, kuma ni yake kira in tsiyaya. Ƙafafun sai ƙara hawa suke, in ka danna yatsa ramin ya zauna. Na daina cin abinci sosai. Wata rana Kaka ta shiga ɗaki ɗauko tsumma, ya jawo ni kusa, ya rage murya.

"Uwata, da kin ɗan barbaɗa gishiri, ai ko ni ba zan gane ba."

Na fashe da kuka. Ya ce in share ido, kuma kar in gaya wa Inna, don ruwan nan shi ne abin da ya rage mata ta yi masa.

Ya rasu kafin sabuwar doya ta shigo kasuwa, da sauran ruwa a galan. Na yi shekaru ina ganin ni na kashe shi. Yanzu na san ciwon ƙoda ne, ko teku duka aka kawo ba abin da zai canja, amma sanin bai sauke mini nauyin ba.

Kaka ta rayu shekara goma sha ɗaya bayansa. Duk baƙon da ya zo gaishe ta sai ta nuna ni, ta ce, "Wannan ce ta ɗauko wa ubanta teku a cinya, tun daga Kwatano." Ni kuwa sai in sunkuyar da kai, su ɗauka kunya ce.