Alƙalin Kiɗa da Waƙar Matarsa

Shekara arba'in da ɗoriya yana gyaran rediyo a wani ɗan shago da ke ƙarƙashin bene, amma ba wanda ke kiransa mai gyara. Alƙali ake ce masa, don babu waƙar da za ta ratsa kunnensa ta wuce bai yanke mata hukunci ba. Ka kawo masa rikoda, kafin ya ɗauki sukuddireba sai ya zaro kaset ɗin da ka manta a ciki ya duba. In bai yi masa ba, kai da rikodar kun shiga uku.

"Ba lalacewa ta yi ba," in ji shi, "haƙurinta ne ya ƙare."

A wurinsa zamanin faifai shi ne zamanin kiɗa. Mutum bakwai a ɗaki ɗaya, mai jita, mai ganga, masu busa, in ɗaya ya kuskure kowa ya koma farko. Zamanin kaset da dama-dama, sai dai mawaƙan sun koyi ha'inci, su jera masu daɗi a fuskar farko, in ka juya sai ƙaiƙayi. Daga nan abin ya koma mutum ɗaya da fiyano yana danne-danne. Na yanzu kuwa, masu zuba magana kamar an biyo su da sanda, da waɗanda na'ura ta goge musu murya har ta koma ta sauro a gwangwani, ya ce ba zai ɓata yawunsa a kansu ba. Kullum kuwa sai ya ɓata, har telan da ke maƙwabtaka da shi ya koyi taka keke da ƙarfi da zarar an fara.

A gida ma ba hutu. Yana cin abinci yana shari'a, matarsa na guga tana cewa, "Haka ne, Malam." Shi ya sa yake bugun ƙirji a shago wai matarsa kunnenta irin nasa ne sak.

Wata safiya tana shanya ta yanke jiki ta faɗi. Ɓarinta na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Kwana goma a asibiti, ko "ruwa" ba ta iya cewa ba, sai ido. Babbar 'yarsu ce ke jinya. Ran na sha ɗaya likita ta ja Alƙali gefe ta ce wasu masu irin wannan ciwo, waƙa ce ke fara kwance musu harshe.

"A kawo mata wadda take so, Baba, wadda ta haddace. Kada a ɓata lokaci."

Shi da aka ba aikinsa. Ya rufe shago, ya zaɓo kaset goma sha biyu na ji da faɗa, ya naɗe kowanne da biro har farko, ya goge kan rikoda da auduga. Ya dire ta a kan lokar gefen gado, ya danna.

"Saurara nan, inda jita za ta shigo," ya ce mata. "Kin ji? Wannan ba wasan yara ba ne."

Ta kalli silin. Washegari ya kawo na masu busa, ta lumshe ido. Rana ta uku, da ƙyar, da hannun hagu, ta ja jikinta ta juya wa rikodar baya.

Abin ya ɗaure masa kai. Ya canza batir. Ya kwance sifika a barandar asibiti yana hura ta, ma'aikata na tsallake shi. Lafiyarta ƙalau, ya kuma san haka tun kafin ya kwance. Da ya rasa abin dubawa sai ya kira 'yarsu waje, ya yi ta gyara hula kafin ya iya tambaya.

"Wai ni, mamanku wace waƙa ta fi so?"

Ta sunkuyar da kai. "Baba, ai kai ne Alƙali."

Ya koma benci ya zauna yana lissafin shekaru. Akwai wani mawaƙi da ya yi shekara goma yana yabo, ita tana cewa haka ne. Da mutumin ya sayi fiyano, ya tsine wa kiɗansa a gabanta, ta ce haka ne. To wanne ne haka ne ɗin? Ya nemi rana ɗaya tak da ta ce a sa mata kaza, bai samu ba. Ya nemi ranar da shi ya tambaye ta, ita ma babu. Tsoro ya kama shi, don likita ta ce kada a ɓata lokaci, ga kwana huɗu sun tafi a banza.

Ran na biyar da hantsi ya fita sayo wani batir ɗin, don dai hannunsa ya sami abin yi. Da ya dawo, tun daga kwanar baranda ya jiyo kiɗa daga ɗakinsu. Fiyano ne, da siririyar muryar nan ta na'ura, wata waƙar soyayya ta 'yan bana-bakwai da ya taɓa korar mai kawo gyara a kanta. Har ya haɗe rai zai yi wa 'yar faɗa, sai ya ji wata murya a ƙarƙashin waccan, tana jan ƙafa, tana kama wutsiyar kalmomi tana saki. Muryar matarsa ce.

Ya tsaya cak. Baiti ya wuce, wani ya shigo, ba ta ɓata ko ɗaya ba. Yaushe ta haddace? A wane gida? Daɗi ya cika shi, haushi kuma na nan, ya rasa wanne zai fara ji.

Ya yi sallama ya shiga.

Wayar 'yar na kan bargo. Matar na ganinsa bakinta ya rufe, hannun hagun nan ya shiga lalube, ya sami wayar, ya tura ta ƙarƙashin filo. Kiɗan ya ci gaba a shaƙe har 'yar ta zaro ta kashe.

"A mayar mana," ya ce. "Ai... a mayar."

Aka mayar. Ya so ya ce waƙar ta yi daɗi, bakinsa ya ƙi, don bai saba ba. Waƙar ta yi ta yi ita kaɗai har ta ƙare. Matar na kallonsa, leɓenta a haɗe, tana jiran hukunci.

Ya dubi baturan da ke hannunsa. Daidai suke.

"Ashe ƙanana suka ba ni," ya ce. "Bari in je in canzo. Zan daɗe."

Bai je ko'ina ba. Ya zauna a bencin bayan kwana, inda ba a hango shi daga ƙofa. Can ya ji an turo ƙofar a hankali, an leƙa, an mayar.

"Ya tafi, Mama," in ji 'yar.

Aka kunna, ƙasa-ƙasa. A baiti na biyu muryar ta shigo.