Sadaka Babu Suna

Har yau in na ji ƙararrawar keke a lungu sai na waiwaya, don da ita Sista ke yin sallama a ƙofar gidanmu a Limancin Kona. 'Yar kudancin Zariya ce, ungozomar asibitin mishan, cikin matan nan na cocin Katolika da suka yafe aure. Ita ta yanke cibiyata, da ta rabin yaran layinmu. Siririya ce, hannunta kullum warin aidin, ga faɗa kamar ta ari baki in ta tarar an barbaɗa wa cibiyar jariri toka.

Kakata ba ta da aminiya kamarta. Da damina, in ruwa ya tsare ta, sai su baje a ɗakin kaka suna cin dafaffiyar gyaɗa. Abu ɗaya ne ya tsaya wa kaka a rai: lahirar Sista.

"Ke 'yar nan, lulluɓi kin fi mu, azumi kina yi, namiji ko kallo bai ishe ki ba. Kalmar shahada kawai fa ta rage miki."

"Iya, ai ni ma kullum sai na sa ki a addu'ata."

"A'a, bar ni inda nake!"

Sai su kwashe da dariya. Amma ga kaka ba wasa ba ne. Na sha jin ta bayan la'asar tana roƙon Allah kada ya ɗauki ran yarinyar nan sai ta furta.

Sai aka yi rikicin da ya raba gari, keken ya daina shigowa cikin ganuwa. Kaka ta yi ta neman ɗan aike, kowa ya ce ba da shi ba. Ana nan, wata mai tallan daddawa ta kawo labari: Sista ta rasu, har an binne ta.

Kaka ta tura babana ya tambayo malam ko ya halatta ta nema mata gafara. Ya dawo yana sosa ƙeya, ya ce malam ya ce a'a. Ba ta yi musu ba, ba ta taɓa ja da malamai ba. Amma ran bakwai ta jiƙa gero, ta daka gumba da hannunta duk da ciwon baya, ta shiga rabo. A al'ada mai karɓa yakan tambayi sunan mamaci, ya ce Allah ya jiƙansa.

"Iya, sadakar wa?" in ji maƙwabciyarmu.

"Ke dai ci, kada ki ce komai."

Ban taɓa ganin baƙin ciki irin na fuskarta ran nan ba, kuma da shi ta koma ga Allah.

Yanzu 'ya'yana sun taso ba su da aboki Kirista ko ɗaya, ba na kuma jin jikokina za su yi. Kwanan baya na ba su wannan labari. Sai autana ya ce, "To Baba, yanzu tana ina?"

Na ce ya tashi, an kira salla.